Suyar nama da dankali a gidajen Kurfai

Matan Filinge ta ƙasar Kurfai da suka ƙware a suyar naman layya da ruwa suke farawa. Za ka ga an yayyanka naman rago daidai loma, kowace tsoka da ɗan kitsenta, an zuba a tukunyar ƙarfe da albasa da tafarnuwa da citta da gishiri, sannan a ɗiga ruwa kaɗan wanda ko rufe naman bai yi ba. Kwalbar man gyaɗa tana ɗaki, ba wanda ya nufe ta.

Hikimar tana cikin abin da ke biyo baya. Muddin akwai ruwa a tukunya, zafinta ba ya wuce digiri 100, don haka nama dahuwa yake yi, jijiyoyinsa na saki, kitse na narkewa sannu a hankali. Da ruwan ya ƙafe sai kakide ya fito fili, zafi ya hau, naman ya shiga soyuwa a cikin man jikinsa. Wannan ɗan tsakanin ne ke raba gwana da ƴar koyo. Gwana da kunne take aiki: tana can tana ferar dankali, da ta ji ɓararrakar tukunya ta koma cuwa-cuwa sai ta miƙe, ta zare itace biyu daga murhu, ta ɗau ludayi. Idan yarinya ta cika juyi tun ruwa bai tsotse ba, uwa kan kwaɓe ta: "Ɗiyata, bar shi ya sha ruwansa tukuna." Gaggawa tana ba da nama mai baƙin baya da tauri a ciki. Sakaci kuma ƙauri.

Ƙasar kanta ta tanadi kayan aikin. Filinge na cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa, kuma noman rani ya ƙara ƙarfi bayan farin 1984, lokacin da shugaban Nijar na wancan zamani, Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu, ya tura jama'a ga lambuna. Bonkuku ta yi suna da dankalin Turawa, Baleyara mai kasuwar Lahadi kuma da dankalin Hausa. Nama kuwa ba a magana, tunda ga Tukunus nan arewa da gari, gidan jajayen shanun Azawak.

Dankalin Hausa yana da halinsa. Sabon haƙa bai cika zaƙi ba, sai ya kwana biyu a inuwa. Zaƙin nan kuma shi ne haɗarinsa, domin sukari saurin ƙonewa gare shi. Shi ya sa gwanaye ke yanka shi da kauri, su tsoma a ruwan gishiri, su tsane shi sarai. Sai an kwashe nama ake sa shi a kakiden da ya rage, a kan wuta mai sanyi, har cikinsa ya yi laushi, sannan a iza itace gefensa ya yi ja. A ganina, duk wanda ya zubar da wannan kakide ya soya dankali a sabon mai ya yar da rabin daɗin.

Abin sha'awa, can a Filifin ma haka suke dafa longganisa, naman da suke niƙawa da tafarnuwa, wani har da sukari, su ɗura a hanji. Ruwa kaɗan a kasko, a jira ya ƙafe, sai naman ya soyu a mansa. Galibi da naman alade suke yi, wanda ba cimarmu ba ne, amma akwai na saniya da na kaza. Daga Sifaniyawa da suka mulke su daga 1565 zuwa 1898 suka gaji ɗurin, dankalin ma jiragen ruwan Sifaniya ne suka kai musu daga Meziko.

Mu namu ba ya neman hanji ko injin niƙa. Yajin ƙuli a gefen faranti da ɗanyar albasa sun isa. Sai dai a ci da zafinsa, don kitsen rago da ya huce daskarewa yake a dasashi.