Ginin Katako Na Zakopane Da Hannun Stanisław Witkiewicz A Cikinsa

Lokacin da daulolin Rasha da Furusiya da Ostiriya suka gama raba ƙasar Poland a tsakaninsu a shekarar 1795, har ya zamana ba ta da sarki, ba ta da tuta, ba ta da ko suna a taswira, sai masu ilminta suka duƙufa neman abin da zai shaida wa duniya cewa al'ummar tana nan da ranta, waɗansu suka neme shi a harshe, waɗansu a waƙa, wani kuwa, Stanisław Witkiewicz, ya neme shi a bukkokin makiyayan da ke gindin duwatsun Tatra. An haife shi a 1851 a ƙasar Lituwaniya, ya ɗanɗani zaman gudun dole a Tomsk ta Siberiya yana yaro, saboda hannun da gidansu ya sa a tawayen 1863, sa'an nan ya karanci zane a Petersburg da Munich. Ba shi da ijazar ilmin gini daga kowace makaranta. Ya fara zuwa Zakopane, da ke gindin duwatsun nan, a 1886, ya tare can a 1890 don neman sauƙin tarin fuka.

Abin da ya tarar shi ne ƙauye yana rikiɗa ya zama wurin shan iskar masu hali, kowane baƙo kuwa in ya tashi gini sai ya yi taƙlidin gidajen Suwizalan da Tirol, har makarantar sassaƙa da aka buɗe a garin ma fasalin Tirol take koya wa 'ya'yan mutanen da kakanninsu suka fi malaman sanin itace. Alhali kuwa gidan ɗan tsauni yana da hikimarsa cikakkiya: ana tsaga gungumen itace biyu, a jera bisa juna a sarƙe kusurwoyi, a cusa gansakuka ko murɗaɗɗen sassaƙen katako a tsakani don tare iska, jinka ta fale-falen itace tana da tsananin gangara domin kada dusar ƙanƙara ta zauna mata, ciki kuwa ɗaki biyu ne da zaure a tsakaninsu, baƙin ɗaki inda murhu yake ake kwana ana tashi, da farin ɗaki na baƙi da ranar biki. Babbar azarar da ke ɗauke da rufi ita ce abin alfaharin mai gida, a kanta ake sassaƙa fure mai kunne shida da shekarar da aka yi ginin.

Ijtihadin Witkiewicz shi ne ya ɗauki wannan asali ya faɗaɗa shi yadda zai ɗauki rayuwar mai dukiya ba tare da ya fita kamanninsa ba. Gidan farko, Koliba, an gina shi tsakanin 1892 da 1893 don Zygmunt Gnatowski, mai tara kayan gargajiya, wanda da farko bukka kawai ya yi nufin yi don ajiye kayansa. Amma inda fasahar ta kai matuƙa shi ne gidan Pod Jedlami na 1897, na Jan Gwalbert Pawlikowski, wanda aka ɗora bisa dogon harsashin dutse saboda gangaren wurin, aka ƙara masa bene da baranda, aka jera siffar hasken rana mai fitowa a goshin jinka, har kujeru da murhu da marikin ƙofa duk aka yi su da fasali guda. Samfurinsa ma an kai shi baje kolin duniya na Faris a 1900. Daga baya Witkiewicz ya zana ƙaramar majami'ar Jaszczurówka, wadda aka gina tsakanin 1904 da 1907, inda babban bagadi ya ɗauki siffar gaban bukkar makiyayi.

A nan ne ya kamata mai nazari ya yi adalci. Witkiewicz zane yake yi, ba ya yanke gungume, lissafin nauyi da sarƙa kusurwa kuwa suna hannun kafintocin tsaunin irin su Wojciech Roj, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, saboda haka duk wanda ya jingina salon ga mutum guda ya yanke isnadinsa. Da'awar Witkiewicz ma, cewa bukkar gindin Tatra ita ce ragowar tsohon ginin Poland baki ɗaya wanda duwatsu suka tsare daga gurɓata, ta fi kusa da buri bisa ga hujja, domin masu bincike na baya sun nuna cewa da yawa daga siffofinta tarayya ce tsakanin mutanen duwatsun Karpat, ko wane harshe suke yi. Ba na ganin wannan ya rage wa gidajen kyau, amma ya rage wa da'awar ƙarfi.

Haka kuma burinsa na mai da salon ya zama na ƙasa duka ya ci tura da zarar an bar katako aka koma ga tubali da dutse, gama adon da wuƙa ta fitar daga jikin itace, in aka kwaikwaye shi da siminti, sai ya zama kamar aska a bayan mayafi, ana ganin shacinta amma ba ta yanka. Ginin Gidan Tarihin Tatra, wanda ya tsara tare da Franciszek Mączyński, shi ne mafi shahara cikin gwajin da aka yi da tubali, Witkiewicz kuwa bai ga kammalarsa ba, don ciwo ya kore shi zuwa Lovran a bakin tekun Adriyatik a 1908, can ya rasu a 1915, shekara uku kafin Poland ta dawo taswira, aka kawo gawarsa Zakopane aka binne. Ƙasar da ta sami 'yanci ta fi karkata ga wasu salon gini, na Zakopane kuwa ya tsaya a inda itacensa da kafintocinsa suke, kuma tun 1993 Koliba ta zama gidan tarihin salon.