Kalmomin Ɗinkin Riga a Ƙamus da Rubuce-rubucen Masana

Wanda ya so ya san sunayen sassan babbar riga da na ɗinkinta a rubuce, wurare biyu zai dosa. Na farko ƙamus, watau na Bargery wanda aka buga a 1934 da na Abraham na 1949. Na biyu kuwa aikin masanan da suka bi sana'ar kanta, musamman David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma gama kundin digirinsa a kan ɗinkin tufafin Hausawa a 1979, da Colleen Kriger, wadda littafinta a kan tarihin tufa a Afirka ta Yamma ya fito a 2006. Dukkansu sun yi aikin da ya cancanci yabo. Amma in aka auna su da ma'aunin harshe, akwai giɓi, kuma giɓin ya fi fitowa fili in aka tsaya a garuruwan kudancin Kano, irin su Kafin Maiyaƙi da Ƙiru da Bebeji, aka duba daga can.

A fara da ƙamus. Bargery ya tara kalmomi kusan 39,000, ya kan kuma nuna wadda ta ke ta Katsina ko ta Sakkwato. Ba domin shi ba, da yawa daga sunayen tufafin da sun bi masu su kabari. Sai dai ƙamus bin haruffa ya ke yi, ba ya bin sana'a. Aljihu na farkon littafi, shafi na wajen ƙarshe, linzami na tsakiya, alhali a jikin riga ɗaya su ke zaune. Mai karatu zai sami ma'anar kowace kalma, amma ba zai ga rigar ba. Tsamiya ta ishe mu misali. Sunan itace ne, sunan zare ne kuma, wanda a ke samu daga saƙar wata tsutsa mai cin ganyen itacen, a dafa da toka, a kaɗa. Maɗinki in ya ce tsamiya, ya haɗa itacen da tsutsar da tsadar zaren da darajar mai sa rigar a numfashi guda. Ƙamus kuwa sai ya raba su gida-gida.

Da an jera kalmomin bisa ga aiki, da wani abu ya bayyana wanda ya shafi tarihi. Allura, almakashi, aljihu, alharini, alkyabba, jabba, kaftani, duk aro ne daga Larabci, waɗansunsu ma har yau suna ɗauke da "al" ɗinsu a goshi. Amma kaɗi da saƙa da zare da abawa da mazari ba su da wannan alama. Tela kuwa baƙon baya ne, daga Ingilishi ya zo tare da keken ɗinki. Wannan jeri bai isa hujja ba shi kaɗai, gama harshe ya kan ari suna ga abin da ya riga ya mallaka, amma ya dace da abin da masana tarihi ke faɗi, cewa ɗinkakkiyar riga ta bunƙasa ne tare da Musulunci da fatauci ta Hamada.

Masanan sana'a sun gyara wannan aibi ta wani gefe, domin su rigar suka sa a gaba. Heathcote ya zauna da maɗinka, ya ɗauki hotuna, ya rarrabe mai zayyana, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri da hannunsa ya saba da alƙalami, da mai bin zanen da allura. Kriger kuma ta nuna yadda rigar ta haɗa Kano da Zariya da Bida da Ilori a zamanin Daular Usmaniyya, abin da sunan girken Nupe ya daɗe yana shaidawa. Inda aikin irin wannan ya yi rauni shi ne wajen fassara. An saba mai da aska takwas da aska biyu zuwa Ingilishi da kalmar da ke nufin wuƙa, har ta zama ita ce sunan zanen a gidajen ajiye kayan tarihi na Turai da Amurka. To, aska ba wuƙa ba ce. Wuƙa ta mahauci ce ko ta ɗaki, aska ta wanzami ce, da ita a ke aski da kaciya da tsagar gado, ita ce ke taɓa jariri ranar suna. Dogayen tsinayen nan da ke saukowa ta wajen aljihu a hagun ƙirji, Bahaushe bai ga makami a cikinsu ba, kayan wanzanci ya gani. Wanda ya karanta wuƙa zai fara neman ma'anar yaƙi a rigar da mai sunanta bai nufi haka ba.

Haka nan ginin sunayen bai sami kulawar da ta kamata ba. Aska takwas gajartawa ce ta riga mai aska takwas, an jefar da uwar magana, adon ya gaji sunan tufa. Kwaɗo da linzami ya haɗa halittar ruwa da kayan doki. Tambari, da'irar nan da ke dama da kuma bayan riga, sunan gangar sarauta ya ɗauka. Malum-malum kuwa, ga alama, ninki ne irin na fari-fari da ja-ja, mai nuna kama. Maɗinka ba su ƙirƙiro baƙin kalmomi ba, abin da ke gabansu suka duba suka raɗa suna.

Babban rashi dai shi ne na aikatau. Sunan zane yana zaune a jikin riga, ko bayan shekara ɗari a iya nunawa a tambaya. Amma kalmar aiki a bakin mai aiki kaɗai ta ke. Bambancin ɗinka da ɗinke da ɗinko, wanda tsarin Parsons na 1960 ya bayyana a nahawu, a rumfar maɗinki magana ce ta ciniki, domin wanda aka ce ya ɗinke bai isa ya kawo rabi ba. Akwai kalmasa, akwai surfani, akwai cin wuya, inda "ci" ya ɗauki ma'anar da ba ta da alaƙa da baki. Irin waɗannan ba sa shiga hoto.

Nan ne maganar ƙauye ta shigo. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da a ke kaiwa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Birni shi kaɗai bai isa ya fitar da wannan ba. Philip Shea, a kundinsa na 1975, ya nuna yawancin rini a garuruwan waje a ke yinsa, irin su Kura. Bebeji kuwa tana kan tsohuwar hanyar Zariya zuwa Kano, ta nan Clapperton ya bi a 1826. Duk da haka, mafi yawan abin da aka rubuta a kan ɗinki ga birni da fada ya karkata, ga rigar da sarki ya ba da kyauta. Manomin da ya kan ajiye fartanya bayan kaka ya ɗauki allura a inuwar zaure, mai ɗinkin hula da wando da taguwar talaka, bai sami wuri sosai ba. Matan birnin Zariya da suka shiga ɗinkin riga, aikin da a da na maza ne, sun sami Elisha Renne ta rubuta labarinsu. Kudancin Kano na jiran irin wannan.

Yau shadda ta ture saƙi da barage, keke ya karɓe yawancin aikin wuya, yaron da ke koyon ɗinki a kasuwar Tudun Wada ko Doguwa ya fi jin sunayen da suka zo da injin. Abin da ya dace sashen Hausa ya yi shi ne ƙaramin ƙamus na sana'a, wanda za a jera bisa ga matakan aiki daga auduga zuwa bugu, kowace kalma da hotonta, da karin sautinta, da jimlar da aka ji ta ciki, da sunan garin da aka ji ta. A fara da dattawan da suka haura shekara 70, a kuma je da rani, lokacin da allura ke hannunsu.