Jinjina ga Masu Renon Dashen Gawo

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, masu renon dashe sun cancanci yabo.

Ƙwayar gawo taurin kai gare ta. Sai mai reno ya jiƙa ta a ruwan zafi ko ya kankare bayanta da reza, sannan ya binne ta cikin leda mai yashi da taki. Safe da yamma yana ba ta ruwa, shingen ƙaya yana tsare ta daga awaki.

Damina na kankama sai a kai dashe gona. Idan ya girma, da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a gindinsa. Da rani kuma dabbobi su ƙoshi da 'ya'yansa.