Darussan Sana'a a Manhajar Sakandare: Sharhi ta Fuskar Garin Bauchi

Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, masu tsara manhaja a Nijeriya suke alƙawarin cewa ɗalibin sakandare zai fito da sana'a a hannunsa. A 2011 hukumar NERDC ta sabunta wannan alƙawari da manhajar babbar sakandare mai ɗauke da darussan sana'a 34, aka wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar ɗaya. A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta rage su zuwa 6: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noma da lambu. Wannan sharhi ya dubi abin da ragin ya gyara da abin da ya bari.

Ragin ya dace. Darussa 34 sun fi ƙarfin makarantar da ba ta da ɗakin koyon aiki, shi ya sa makarantu da dama suka raja'a ga waɗanda ake iya koyarwa da alli da allo kawai, irin su dabarun talla da sarrafa bayanai. Ɗalibi ya ci jarrabawa, hannunsa bai taɓa kayan aiki ba.

Amma matsalar ba ta tsaya ga yawan darussa ba. Manhajar tana maganar buƙatun masana'antu, to ina masana'antun suke a Bauchi? Garin bai rasa manyan makarantun fasaha ba: akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1979, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka kafa a 1980, da kwalejin Abubakar Tatari Ali ta jiha. Sai dai kamfanin Steyr, wanda ya yi suna wajen haɗa taraktoci da manyan motoci, ya daɗe da daina ɗaukar ma'aikata kamar dā. Inda matashi yake samun aiki a yau shi ne garejin makanikai, da rumfar mai walda, da shagon tela ko na mai gyaran waya a kasuwannin Wunti da Muda Lawal. A can kuwa da Hausa ake koyarwa, da ita ake ciniki, da ita ake yi wa yaro faɗa idan ya ɓata aiki.

Nan ne giɓin da ya fi shafar malaman harshe. Ɗalibin da ya haddace ma'anar ƙarfin wutar lantarki da Ingilishi yakan tsaya cirko-cirko idan maigidan shago ya ce masa batir ba ya riƙe caji, ya duba abin da ke janye wutar. Ilimin yana kansa, amma ba cikin harshen da aikin yake gudana ba. Yaron shago kuma ya iya aikin, bai san dalilinsa ba, kuma ba shi da takardar shaida. Akwai abin koyi a gida: ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya sauƙaƙa koyar da nahawu da adabi cikin Hausa. Irin wannan aiki darussan nan shida suke buƙata, da sharaɗi ɗaya: a tattaro kalmomin daga bakin masu sana'ar, kada a ƙirƙire su a ofis. Sifana da filaya da walda sun riga sun zama Hausa. Wanda ya ƙago musu wasu sunaye ya ƙara wa ɗalibi harshe na uku. Ba kuma ana nufin a kori Ingilishi ba, tunda da shi ake jarrabawa, da shi aka rubuta bayanin kayan aiki. Littafi mai harshe biyu ake buƙata.

Giɓi na biyu shi ne rashin hanya tsakanin aji da shago. Shirin SIWES na asusun ITF, wanda ke tura ɗalibai koyon aiki, na manyan makarantu ne. A Jamus mai koyon sana'a yakan yi kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, sauran a makaranta. Ba lallai ne a kwaikwayi wannan dukkansa ba, amma makaranta a Bauchi tana iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar teloli ko ta makanikai, ɗalibi ya yi hutun dogon zango a shago, a sa abin da ya yi cikin makinsa, a kuma haɗa shi da matakan shaidar ƙwarewa na hukumar NBTE.

Saura batun malami. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, kuma gwanin ɗinki da ya shekara ashirin a kan keke ba safai yake da ita ba. Muddin ba a buɗe masa ƙofar shiga aji a matsayin mai horarwa ba, malamin wani fanni ne za a ci gaba da ɗora wa darasin ɗinki don cike jadawali.