Kilarinet a Tsakiyar Goge Huɗu

Wanda ya tashi da jin algaita zai ɗauka gwanintar mai busa tana wajen cikar kumatu da kaifin sauti, a jiyo shi daga ƙofar fada har bayan ganuwa. Kilarinet kuwa, abin busar Turawa da ake sassaƙawa galibi da baƙin icen Tanzaniya da Mozambik, baiwarta daban ce: takan fara sauti daga shiru, har mai sauraro ya kasa cewa ga daidai inda ta shigo. A kiɗan 'yan mutum biyar, inda babu mai tsayawa gaba yana kaɗa musu sanda, da wannan ake gane gwani.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. Siririn ɓallin kara guda ɗaya ne ɗaure a bakinta, yana kwance a kan leɓen ƙasa, iskar mai busa na girgiza shi. In ya matse leɓe sauti ya shaƙe, in ya saki ya zube. Sannan akwai wani wuri a tsakiyar muryarta da kowane ɗan koyo ke tsoro: ana busa sauti ɗaya kusan duk ramukan a buɗe, na gaba da shi kuma sai an rufe kusan dukkansu lokaci guda. Yatsa ɗaya ya makara, sai ka ji ƙara kamar an taka kaza. Gwani yakan tsallake wurin nan sau ɗari a kiɗa ɗaya ba ka ji ɗinkin ba.

Mai tsara kiɗa Johannes Brahms ya riga ya ce ya ajiye alƙalami lokacin da ya ji busar Richard Mühlfeld a garin Meiningen na Jamus a 1891. A shekarar ya rubuta masa kiɗan kilarinet da goge huɗu, mai lamba 115. Mühlfeld da goge ya fara aiki a ƙungiyar makaɗan garin kafin ya koma busa, kuma ina ganin wannan ya taimaka masa, don ya san yadda tsirkiya ke numfashi. Ka kasa kunne ga farkon kiɗan. Goge biyu ne ke buɗewa, kilarinet sai daga baya ta hauro daga ƙasa a hankali. Mai son a san da zuwansa yakan ɓata wurin tun kafin a yi nisa.

Irin wannan kawaicin ne ya sa faya-fayan kamfanin Naxos ke da daraja a wurina. Klaus Heymann, Bajamushe, ya kafa kamfanin a Hong Kong a 1987, da niyyar sayar da faifai da araha. A lokacin manyan taurari suna hannun manyan kamfanoni, don haka ya nufi Hungary da Slovakiya, ya ɗauko ƙwararrun da sunansu bai yi nisa da gida ba. Cikinsu akwai József Balogh, wanda ya busa wannan kiɗa na Brahms tare da makaɗan Danubius, ya kuma busa na Mozart na 1789, wanda aka rubuta wa Anton Stadler. Balogh ba ya tsere da abokan kiɗansa. Inda babban goge ke riƙe da waƙa sai ya janye, ya zame masa inuwa. Amma a kashi na biyu, inda Brahms ya ari salon makaɗan Romani na Hungary, sai ya saki jiki yana hawa da sauka kamar a take yake ƙirƙira. Ɗan ƙasar ne, kuma kunne na shaida hakan.

Akwai kuma Kálmán Berkes, wanda ya busa kiɗa biyun da Brahms ya rubuta wa kilarinet da fiyano a 1894, Jenő Jandó na kan fiyano. Berkes ne kuma ya busa na Weber mai goge huɗu, wanda aka kammala a 1815 saboda Heinrich Baermann. Can kam Weber bai nemi kawaici ba, gudun yatsu yake so, masu goge su bi a baya, kuma Berkes ya ba shi abin da ya nema.