Manhajojin Li'irabi da Ɓatan Kalmar «Nan»

Duk manhajar da ke karanta rubutu a cikin kwamfuta, ko umarni ne ko jerin bayanai, sai ta fara feɗe shi gaɓa-gaɓa kamar yadda ɗalibin nahawu yake zana bishiyar li'irabi. Masu shirya manhaja ba sa sake ƙirƙirar wannan aiki kullum. Akwai rumbunan da aka riga aka tanada, kowa ya ɗebo abin da yake bukata. Asalin fasahar kuwa yana da alaƙa da ilimin harsuna. A 1956 Noam Chomsky ya fitar da rabe-raben nahawu bisa ƙarfinsu, a 1959 John Backus ya kawo hanyar rubuta dokokin harshen na'ura, Peter Naur kuma ya gyara ta cikin rahoton ALGOL 60. Daga wannan tushe ne Stephen Johnson ya gina yacc a Bell Labs ta Amurka, wadda bayaninta ya fito a 1975: a ba ta dokokin nahawu, ita kuma ta haifar da manhajar da za ta feɗe jimla bisa waɗannan dokoki.

Abin yabo ga yacc shi ne halinta game da harshen damo. Sanannen misali shi ne umarni mai sharaɗi biyu a jere, sa'an nan «in ba haka ba» guda ɗaya tak. Da wane sharaɗi za a haɗa shi? Yacc tana haɗa shi da mafi kusa, amma fa sai ta sanar da mai aiki cewa ta ci karo da saɓani a cikin dokokinsa. Watau ta yanke hukunci, ta kuma faɗi cewa ta yanke. Mai nazarin Hausa ya san darajar wannan, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, har «ya zo» ta iya zama labarin abin da ya shuɗe ko kuwa umarni, sai mahallin zance ya raba gardama.

Rumbunan da ke karanta bayanai a yau, da yawansu sun bar wannan hali, kuma nan ne laifinsu yake. Ba su tsaya ga feɗe siffa ba, sai su shiga cankar ma'ana, su yi shiru. A dubi pandas, rumbun da Wes McKinney ya fara a 2008, wanda masu bincike da dama ke amfani da shi wajen karanta jadawali. Idan ya buɗe jadawali irin na CSV, yana da jerin rubuce-rubucen da yake ɗauka a matsayin gurbi marar komi. Cikinsu akwai NA, akwai null, akwai kuma nan, wadda a wurinsa taƙaitawa ce ta wani furucin Ingilishi mai nufin «ba lamba ba ne». To, mai haɗa ƙamus da ya tattara kalmomi a Maraɗi ko Damagaram, ya jera su ɗaya bisa ɗaya, da ya loda jadawalinsa sai kalmar «nan» ta zama rami. Ba gargaɗi, ba alamar kuskure. In ya ci gaba ya share layukan da ba su cika ba, kamar yadda aka saba, shi ke nan ta fita daga ƙidayarsa, alhali tana cikin kalmomin da Bahaushe ba ya yini bai furta ba. Asarar ma ta ninka, tun da rubutun guda yana ɗauke da «nan» ta kusa da mai magana da «nan» ta wajen mai sauraro, waɗanda kari kaɗai ya bambanta.

Tsarin YAML ma ya yi irin wannan. A bugunsa na 1.1, no da off ƙarya suke nufi, yes da on kuwa gaskiya; saboda haka NO, alamar ƙasar Norwe, takan rikiɗa ta zama «ƙarya», wakilin sunan nan na Faransanci on kuma ya zama «gaskiya». An gyara dokar a bugu na 1.2 cikin 2009, sai dai PyYAML, wanda ya yaɗu ƙwarai, ya ci gaba da bin tsohuwar.

Masu kare waɗannan rumbuna sukan ce an rubuta komi cikin littafin jagora, kuma akwai umarni guda da ke hana cankar. Gaskiya ne, pandas yana da shi, kuma yana aiki sarai. Amma wannan hujja ta ɗora nauyi a kan wanda bai san akwai rami ba. Jerin kalmomin da aka keɓe an zaɓe su ne da idon mai Ingilishi da lissafi, aka mai da su ƙa'idar farko ga kowa. Mai wani harshe sai ya yi hasara kafin ya koya. Da an bi sawun yacc, da ya isa rumbun ya buga layi ɗaya yana cewa ya mai da gurabe kaza fanko, ga kuma rubutun da ke cikinsu. Kafin a samu haka, wajibi ne ga mai ajiye jerin kalmomin Hausa ya umarci manhajar ta karanta kowane gurbi a matsayin rubutu zalla, ya kuma ƙirga kalmominsa kafin lodi da bayansa.