Kiɗa A Labarin Duhu: Darasi Daga Kalangun Gambu

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da Faransawa suka raɗa wa suna "nuwar", wato baƙi. A 1945 kamfanin Gallimard na birnin Faris ya fara buga jerin littattafai da wannan suna, a 1946 kuma masu sharhin silima na can suka laƙaba shi ga wasu finafinan Amurka. A nan za mu kira shi labarin duhu. Jigonsa kisa da sata da cin amana, tauraronsa kuwa ba mutumin kirki ba ne, kuma da wuya a tashi lafiya. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, kiɗan da ya fi ƙara wa irin wannan labari duhu shi ne kiɗa mai daɗi da yake yabon mugu har mai sauraro ya shagala.

Mu fara da misali daga waje. A 1949 Carol Reed ya shirya fim mai suna The Third Man, wanda Graham Greene ya rubuta labarinsa. A birnin Biyana aka yi shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mugun labarin, Harry Lime, yana sace maganin fenisilin ya gauraya shi ya sayar, yara suna nakasa, wasu suna mutuwa. Mutum zai zaci za a sa kiɗan makoki. Ina! Anton Karas ne ya yi kiɗan da wani abu mai tsirkiya da yawa, kiɗa mai zaƙi kamar na gidan biki. Mai kallo yana kaɗa ƙafa, sai can ya tuna mutumin da yake wa rawa. Wannan kunyar da take kama shi ita ce duhun fim ɗin.

To, Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Muhammadu Gambu, mutumin Fagada ta ƙasar Kabi, ya shahara da waƙar ɓarayi, kamar yadda Kassu Zurmi ya shahara da ta 'yan tauri. Idan aka saurari waƙoƙin Gambu da kunnen manazarci, za a tarar da kayan labarin duhu cif: dare, fasa gida, dukiyar da aka tara da rowa, 'yan sanda, gidan kaso. Amma kalangun ba ya kuka, zuga yake yi. Yana ba ɓarawo irin kirarin da ake ba ɗan dambe, mai sauraro kuwa, wanda jiya aka sace masa akuya, sai ya iske kansa yana murmushi. Abin da Karas ya yi a Biyana shi Gambu ya yi a dandali.

Yanzu mai karatu zai ce, ai littafi ba shi da baki, yaya za a ji kiɗa a takarda? Hanyoyi uku ne.

Ta farko, ambaton sunan abin kiɗa. A ƙasar Hausa kowane kiɗa da mutanensa. Ɗauki mai karatu daga Ajingi ko Gaya. In marubuci ya ce an ji algaita, ya san sarauta ce tafe. In ya ce kalangu, sai ya tuna mahauta ran kasuwa da 'yan dambe bayan kaka. In ya ce garaya, 'yan bori da maharba ne za su faɗo masa a rai. In kuwa ya ce an ji gangi da tsakar dare, alhali ba lokacin farauta ba ne, to gabansa ya faɗi tun ba a zare wuƙa ba. Kalma ɗaya ta yi aikin shafi guda.

Ta biyu, tafiyar jimla. Makaɗi yana gaggauta hannu in fage ya yi zafi, marubuci ma yana iya gajarta jimlolinsa in ana bin ɓarawo, ya kuma tsawaita su in ana fakon dare. Hausa tana da arzikin amsa-kama, irin su tsit da caraf da rim, waɗanda su kansu bugun ganga ne.

Ta uku, yanke kiɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fagen dambe ya san yadda jiki yake yi in kalangu ya tsaya ba zato. Shirun nan ya fi ihu ban tsoro.

Muna da littattafan da suka buɗe wannan fage. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930, labarin ramuwa ne da ya kai ɗa ga sata har ya kashe ubansa, kuma duhunsa a kan asiri da ƙaddara ya dogara. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya kawo mana Mailoma da ta'addancin zamani. Abin da ya rage ga masu tasowa shi ne su haɗa wannan gado da na makaɗa, maimakon aro kiɗan Indiya ko na Turai a liƙa wa labarin da ya faru a Fagge.

Sai dai a yi hattara. An daɗe ana zargin makaɗan ɓarayi da ƙarfafa ɓarna, kuma zargin ba na banza ba ne. Maroƙi yabo kawai ya iya, don daga nan abincinsa yake. Marubuci kuwa wajibi ne ya bar ganga ta yi zugarta, sa'an nan ya kai mai karatu gidan tsohuwar da aka yashe wa rumbu. Haka Reed ya yi: bayan duk zaƙin kiɗan, sai da ya shigar da mu asibitin yaran da Lime ya cuta, Lime ɗin kuma ya mutu a magudanar ƙazantar gari. Marubucin da ya tsaya a zuga ya zama ɗan amshin Gambu. Wanda ya wuce ta shi ne zai nuna mana cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.